Taka, Riƙe, Saki

A layin gareji an fi sanin tafin ƙafarsa da fuskarsa, shi ya sa ake kiransa Baba Rigingine. Rabin rayuwarsa a ƙarƙashin motocin mutane ya yi ta, kwance a kan kwali. Yanzu kuwa aikin ya ja baya. Yaransa duk sun koma inda ake jona wa mota kwamfuta, sun bar shi da akwatin sufanu da benci guda.

Rashin ciniki bai dame shi kamar rashin abokin aiki ba. Akwai gyaran da mutum ɗaya ba ya yi, ko da ya fi kowa gwaninta. Cire iska daga kuloci sai da biyu: ɗaya a kujerar direba yana takawa, ɗaya a ƙasa yana kwance noti. A da, idan yara sun tashi, maiɗakinsa ce ke hawa kujerar in ta kawo masa abinci, tana takawa tana mitar ƙafarta za ta kumbura. Tun rasuwarta yakan guji irin wannan aikin, ya ce wa mai mota ya gwada gaba.

Ran nan sai ga 'yarsa, wadda aiki ya kai wani gari, ta shigo da mota tana gurnani. Rabonta da gida har ya daina lissafi. Ta durƙusa ta gaishe shi, idonta na kan agogo.

"Baba, giya ba ta shiga sai da faɗa. An ce a sauke giyabos. Kuma yau nake son komawa."

"Wa ya ce? Ba a yanka kaza don a duba ciwon ido, Uwata. Hau."

Ya sa ta kashe inji, giya ta shiga salin-alin. Ta tayar, ribas ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

"To, kulocin ne ba ya saki duka. Taka shi da sauri-sauri, ki sake gwadawa."

Ta yi, giya ta faɗa.

"Faifan kulocin lafiyarsa lau. Iska ce ta shiga layin man kuloci."

Aikin bai kai shan shayi ba, kuma ya san da ya gama za ta kama hanya. Abin ya tsaya masa a rai. Ya cika mai, ya shimfiɗa kwalinsa, ya zura tiyo a kwalba, ya shige ƙasa.

"Taka."

"Na taka."

"Riƙe."

"Na riƙe."

"Saki."

Kumfa ta biyo tiyo, ta ragu, ta ƙare. Mai ya fito garau. Hannunsa ya ɗaure notin da kansa, amma bakin ya ƙi bin hannun. Muryar da ke amsa masa daga sama, har da ɗan jan ƙarshen magana, ta uwarta ce sak. Kewa ta danne shi a nan kwance, inda ba mai ganin fuskarsa.

"Taka," ya sake cewa.

"Na taka."

Haka suka yi ta yi, sufana na ajiye a kan ƙirjinsa. Tsoho da shi, yana satar lokacin 'yarsa kamar mai satar sukari.

Can sai ta daina takawa. 'Yar bakanike ce, ƙafarta ta san kulocin da ya warke.

"Baba, ai ya yi ƙarfi tun ɗazu."

Daga inda yake ya ga ƙofar motar ta buɗe, ƙafarta ɗaya ta sauko ƙasa, ta tsaya kusa da tasa. Ta jima a nan. Sai ta cire takalmin, ta mayar da ƙafar ciki.

"Takalmin ne ke takura mini," in ji ta. "In taka?"