Tafinta da Maigidan Akwati

A shekarun da kowa a Maradi ya zama masanin tsarin mulki, har mai tsiren bakin titinmu yana juya nama yana kawo aya ta kaza, ni ina riƙe da siber a unguwar Zariya. Na ce siber ne don girmamawa. Ɗaki ne da tsofaffin ordinatar, wato kwamfutoci, waɗanda in ka kunna su da hantsi sai ka je azahar ka dawo ka tarar suna miƙa. Babbarsu, wadda nake zama gabanta, in ta ɗau zafi ana iya toya ƙwai a bayanta. Na taɓa cewa an toya, kuma har yau ban janye ba.

Taubashina, ɗan kawuna, ya gama karatun na'ura da ƙyar, tsakanin yajin malamai da yajin ɗalibai, ya dawo ya tarar gwamnati ba ta ɗaukar kowa. Yana zaune a Tsibiri gidan yayarsa, kullum sai ya haɗo ƙura a kan moto, wato babur, ya zo ya mamaye mini kujera. Wata rana ya shigo da wani ƙaramin akwati da bai fi sabulun wanki ba, ya ajiye shi a tebur kamar jariri.

"Bawana, mi ne ne wannan? Tarkon ɓera?"

"Kai ne bawana. Ordinatar ce. Ita za ta dinga tada injin ban ruwa na Baba tana kashe shi."

Kawu kuwa manomi ne a Jiratawa, mutum mai magana ɗaya. Ya riga ya yanke hukunci: in lokacin dashen albasa ya yi wannan wasan bai zama aiki ba, yaron ya tattara wayoyinsa ya dawo bakin kanal ɗin ban ruwa ya kama hauya, an rufe zancen na'ura har abada. Taubashina in ya riƙe hauya, hauyar ce ke tausaya mishi.

Ya yi mini bayani, na fahimci rabi, kuma rabin nan nake ta ci da shi har yau. Na'ura ba ta jin maganar mutum, sai an sa mata tafinta, wanda masana na'ura ke ce ma kompilater. Tafintan nan shi ma rubutu ne, sai wani tafinta ya fassara shi kafin ya yi numfashi. Ƙwaƙwalwar akwatin kuma yarenta dabam da na ordinatar ɗina. Dabararsa ita ce tsohuwata mai toya ƙwai ta haɗa tafinta na farko da yaren akwati, a tura shi ciki, daga nan shi ya haɗa na biyu da kanshi. In an yi haka, akwatin ya tsaya da ƙafarsa, ko a Jiratawa ana iya gyara mishi aiki ba sai an zo gari ba.

Tsohuwa ta yi nishi ta haifo tafintan. Muka tura shi. Ya buɗe baki ya faɗi matacce.

Muka sake. Ya sake faɗuwa. Ya faɗi da safe, ya faɗi da la'asar, ya faɗi ranar kasuwa. Na ce in da mutum ne da mun ƙarar da likkafanin Maradi. Taubashina ya daina dariya, ya rame har hularsa ta fara juyawa a kai.

Ashe cikin kowace na'ura akwai maigida, su suna ce mishi nuwayo. Ba wanda ke taɓa rumbu ko ƙofa sai ya roƙe shi. Kana son buɗe abu, ka roƙa. Kana son rubutu, ka roƙa. Kuma roƙon da lamba ake yin shi. Taubashina ya haɗa tafintan da lambobin gidan tsohuwata, alhali maigidan akwati nashi lambobin dabam. Ranar da ya gano haka ya yi tsalle ya kusa tsinke mini wayar kuran, wato lantarki.

"To ai kamar ka je Tsibiri ne ka ce a ba ka ruwa su miƙo maka jaki," na ce.

"Rufe mini baki, ƙaton banza, ina tunani."

Ya gyara lambobin. Tafinta ya miƙe, ya yi taku biyu, ya sake kifewa. Wannan karon lambar daidai take, sai dai maigidan tsoho ne, an haife shi kafin a ƙirƙiro wannan irin roƙon. Duk sanda aka yi mishi shi, amsarsa ɗaya: ban san wannan ba. Canja shi kuma ba ya yiwuwa, don waɗanda suka ƙera akwatin ba su bar hanya ba. Sai taubashina ya zauna yana bin roƙe-roƙen ɗaya bayan ɗaya, yana koya ma tafintan ladabi: ka fara da sabon salo, in tsoho ya ce bai sani ba, ka koma ka roƙe shi yadda aka saba tun da. Ni aikina kawo shayi da korar masu son buga takardun farfagandar siyasa, ina ce musu ana tiyata.

Sai aka zo babban aikin, tafinta ya haɗa ɗan'uwansa a cikin akwati. Ƙwaƙwalwar ba ta fi ta ƙadangare ba, aikin ya ɗau kwanaki. Kuran kuwa a lokacin kamar ɗan majalisa yake, ba ka ganinsa sai in ya ga dama. Duk ɗaukewa, a koma farko. Daga ƙarshe muka cire baturin motonsa muka jona, da shi tafinta ya gama haɗa ɗan'uwansa, shi kuma ya koma hawa bayan kabu-kabu yana rungume da wani ƙaton direba har Tsibiri. Na sanar da duk unguwa cewa akwati ya cinye moto.

An fara gyaran fangalan albasa muka tafi Jiratawa. Kawu na zaune ƙarƙashin mangwaro, ƙafafu duk laka. Muka gaisa, aka jona akwatin. Injin ya tashi, ruwa ya zubo, akwatin ya kashe shi. Ni na yi kabbara har tsuntsaye suka watse. Kawu ko gira bai ɗaga ba.

"Wannan ko ɗan yatsana ya iya," in ji shi. "In ya lalace hwa? In an so ya yi wani abu dabam? Sai a tahi birni wajen wannan sarkin surutu?"

"A'a, Baba. Abin da ke koya mishi aiki yana cikinshi. Shi ya haɗa shi da kanshi, kuma yana iya haɗa wani."

Kawu ya ƙura ma akwatin ido. Na buɗe baki zan taimaka da bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Kana nuhin yana ba da iri? Ba kamar irin kwalin nan da ake kawo muna ba, wanda in ka shuka ƴaƴanshi baɗi sai ka girbi haushi?"

"Yana ba da iri, Baba."

"In na gwada shi baɗi zai yi?"

"Zai yi."

Ya ɗauki akwatin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina, ya mayar.

"To ka tahi ka ci gaba. Maƙwabcina ma injinshi na son irin wannan." Sannan ya juyo gare ni, ya dubi tumbina tun daga sama har ƙasa. "Amma hauyar da na ajiye ba ta kwana banza. Kai, tuɓe rigar nan."

Na yi dashen albasa har la'asar, taubashina na zaune a inuwa yana ba ni umarni. Fangalin da na dasa, an ce sai da amalanke biyu aka ɗauko albasa guda daga cikinsa.