Layin da Ya Ƙi Bi ta Sifili

A shekarata ta farko a babbar sakandare, ni da fiziks ba ma ga maciji. Haddacewa nake yi kawai. An ce idan iska ta ɗau zafi tana buɗewa, idan ta huce tana tsukewa, na haddace. An ce kafin ka yi lissafi da zafinta sai ka ƙara ɗari biyu da saba'in da uku a kan abin da ma'aunin zafi ya nuna, na haddace, amma a raina ina ganin wani Bature ne ya ƙirƙiro lambar don ya wahalar da 'ya'yan mutane. Matsalar ita ce, a ƙarshen zango na biyu ake tankaɗe ajin kimiyya, duk wanda makinsa bai kai ba a mayar da shi ɓangaren adabi. Ni kuwa aikin jinya nake so tun ina firamare, har matan layinmu a Bagama sun fara kirana da 'yar asibiti. Makina yana bakin gaɓa, gwajin aiki da hannu ne zai raba gardama.

Malamarmu 'yar Filato ce, gajeriya, ba ta ɗaga murya, amma ko maza ƙattin ajin shakkarta suke ji. Tana yawan tsokanarmu cewa mu 'yan Suleja ba mu san sanyi ba, ɗan iska ya kaɗa sai mu nemi rigar sanyi. Ranar gwajin kuwa tsakiyar bazara ce, kwanon ɗakin gwaji har ƙara yake yi don zafi, ga risho shida suna ci.

Aikin ba shi da yawa. An ba kowane tebur wani siririn bututun gilashi, kaurinsa bai fi tsinken tsintsiya ba, an toshe gindinsa, a ciki akwai ɗigon mai da ya tare 'yar iska. Za a tsoma shi a ruwa, a riƙa ɗumama ruwan, kowa ya riƙa auna tsawon iskar nan, sannan ya zana sakamakon a takardar giraf. Na duƙa na auna sau shida, gumi yana shiga mini ido. Ɗigon man yana hawa a hankali ƙwarai, kamar mai ciwon ƙafa. Na rubuta lambobin a bayan bangon littafina, na ɗora su a giraf. Layin ya fito a miƙe, amma can sama yake, kusan a kwance, bai ko kalli kusurwar da sifili yake ba.

Mu kuwa duk giraf ɗin da muka taɓa yi a ajin nan ta sifili yake bi, har mun ɗauka doka ce. Na saci kallon takardar ta kusa da ni, na ga layinta ya taso daga kusurwa tsaf. Na leƙa ta gabana, haka. Ashe tun daga farko ba su wahalar da kansu da bututu ba, layin suka fara ja, sannan suka nemo lambobin da za su dace da shi. Na ce a raina ni kaɗai ce jakar ajin ke nan. Na sa kilina na goge nawa, na ƙirƙiro lambobi masu kyau, na ja layi ta sifili na miƙa.

Washegari lokacin hutun tara Malama ta aiko a kira ni. Takardata na gabanta, ta ɗaga ta a hasken taga, inda na goge duk ya fito.

"'Yata, wannan ba abin da kika auna ba ne," ta ce. "Ina lambobin da idonki ya gani?"

Na yi niyyar musu, sai na fasa. Na ɗauko littafin na nuna mata bayan bangon. Ta miƙo mini sabuwar takarda ta ce in sake zanawa a gabanta. Na zana, layin nan mai taurin kai ya sake fitowa can sama.

"To, ja shi baya," ta ce. "Ki bi shi inda ya nufa."

Na ja shi hagu, ya wuce sifilin ma'auni ta sama, takarda ta ƙare bai sauko ba. Ta liƙa wata a gefe. Ita ma ta ƙare. Ta liƙa ta uku, ta ɗauko dogon rular allo ta danne mini gefe ɗaya. Tebur ya kasa, muka sauko da takardun ƙasa, ni a durƙushe, ita a sunkuye. Layin yana ta gangarowa kaɗan-kaɗan, har ya taɓa layin gindin giraf kusa da ƙarshen takarda ta uku. Ta ce in ƙirga gidajen giraf ɗin. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ɗari biyu da sittin da wani abu ƙasa da sifili.

Lambar da na tsana ce take leƙowa daga cikin aikin hannuna, ba wanda ya faɗa mini ita, saura kaɗan ta cika daidai.

"Nan ne sanyi ya ƙare," in ji Malama, ta ɗora yatsa a wurin. "Da iskar nan za ta ci gaba da tsukewa yadda kika ga tana yi, a nan ba abin da zai rage mata. Babu sanyin da ya wuce wannan, ko a Jos, ko a ƙasar ƙanƙara, ko can bayan taurari. Sifilin da ke jikin ma'auni na ruwa ne, inda yake daskarewa. Wannan shi ne sifilin gaske, daga nan ake fara ƙirga."

Ni da ban taɓa wuce Lambata ba, ina durƙushe a kan siminti mai zafi, rigata ta jiƙe da gumi, amma da risho da bututu da fensir na nuna iyakar sanyin duniya baki ɗaya. Iskar da ke cikin bututun ma ba ta musamman ba ce, wadda muke shaƙa ce a ɗakin, da warin kananzir da komai. Ashe ita ma tana da ƙa'idar da take bi, ko ana kallonta ko ba a kallo. Na ji tsoron Allah ya kama ni, na ji daɗi, na kuma ji wata irin kunya, domin wannan abin ne na sa kilina na goge da hannuna.

Ta naɗe takardun uku ta ajiye. "Wadda kika miƙa jiya sifili na ba ki," ta ce. "Ba zan canza ba."

Sati biyu na yi ba na cin abinci da daɗi, ban kuma faɗa wa kowa a gida ba. Ranar da aka liƙa sunaye na bari sai da kowa ya watse, sannan na je. Na fara dubawa a ɓangaren adabi, don can na sa rai, ban ga kaina ba. Sai a ajin kimiyya na samu sunana, shi ne na ƙarshe, an ƙara shi da biro.

Na same ta a bakin ofis tana haɗa littattafai, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Malama, ai sifili kika ba ni."

"Na ba ki, kuma kin cancanta," ta ce. "Amma na je na roƙi shugaban makaranta. Teburinku duka sun kawo mini layin da suke zaton ina so. Ke kin tsaya kin auna, daga baya kika tsorata. Tsoro zan iya cire miki."