Ranar da Na Gyara wa Kaka Tatsuniya

Ƴata Rashida ta wuni tana fushi da mutanen Japan. Akwai wani labarin zane da ta daɗe tana karantawa a wayar uwarta, manga suke ce masa, sai aka mayar da shi majigi. A littafin jarumin ya mutu, a majigin kuwa an bar shi da ransa, har da aure aka yi masa. "Baba, sun ɓata shi," in ji ta. "In ba su iya bin littahi, mi yas sa sunka taɓa shi?" Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa, domin da irin wannan zafin kan na taɓa tsare kakata, ina ɗan shekara tara a Tajaye.

Lokacin sanyi, da an sallame isha'i, ɗakin Kaka muke cika. Takan hura wuta da karan gero, ta binne mana gyaɗa a toka, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Ni ne angonta na wasa, kuma ni ne mai riƙe tatsuniya. In ta faɗi abu sau ɗaya ya zauna mini, har takan yi alfahari da ni. Wannan yabon ya kumbura mini kai ƙwarai.

Babana ne ɗanta na fari, don haka kunya ba ta barinta ta kira sunansa. "Wancan" take ce masa. Ko ciwo yake ba ta leƙa shi, sai dai ta aika da kunu. Mu yara mun ɗauka bai dame ta ba.

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta Mai Gora, ɗan wata tsohuwa. Garinsu ya shekara uku ba ruwa, sai ya rataya gorarsa ya nufi gabas neman gidan ruwan sama. Can ya iske wani dattijo yana kiwon gizagizai kamar shanu. Dattijon ya ce ya ba shi su duka, amma ba sa tafiya sai da mai kora su daga baya. Mai Gora ya karɓi sanda ya tsaya. Ruwa ya sauka, gari ya ƙoshi, tsohuwa kuwa duk ruwan farko sai ta fita bakin gari tana waƙa: ruwa ya zo, gero ya zo, Mai Gora bai zo ba. Nan tatsuniyar take ƙarewa, mu kuma mu amsa waƙar da ƙarfi.

A shekarar da nake faɗi, babana ya tafi cin rani kurmi kamar yadda ya saba. Abokan tafiyarsa suka dawo kafin shuka, ban da shi. Aka yi noma, aka yanke gero, sanyi ya sake shigowa, ba wasiƙa ba saƙo. Inna ta rame. Kaka ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba.

Ran nan ƙanwata Zara ta ce a yi mana Mai Gora. Kaka ta daɗe tana tona wuta kafin ta fara. Komai ya tafi daidai, har aka zo wurin sanda. Sai na ji ta ce, "Dattijon ga yaj ji tausai, yac ce mai, tahi gida, uwarka na jira. Mai Gora yah hau hadarin ƙarshe, yas sauka ƙohwar gidansu."

Na zabura. "Kaka, ba haka na ba! Bai komo ba!"

Inna tana bakin ƙofa tana ɓarar wake. "Sahabi, ruhe bakinka," in ji ta.

Kaka ta dube ni, ta yi ɗan murmushi. "Haba angona. Yau ɗai, bar shi shi komo."

"A'a. Ke kinka ce ba a yi ma tatsuniya ƙari. Ki hwaɗe ta daidai, ki yi waƙar."

Da ta kwaɗa mini kara a ka, da ya fi mini. Amma ba ta yi ba. Ta koma baya cikin tatsuniyar, ta miƙa wa Mai Gora sandarsa, ta fitar da tsohuwa bakin gari, ta yi waƙar da wata siririyar murya da ban san ta da ita ba. Inna ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ba wanda ya amsa waƙar sai ni, kuma na kwanta ina jin daɗin na yi nasara.

Kaka ba ta ƙara yin Mai Gora ba. Da bazara wani mutumin Illela ya kawo labarin cewa zazzaɓi ya kashe babana tun watannin baya. A zaman makoki Kaka ce ke dama wa baƙi fura, idonta a bushe, mata suna yaba kunyarta.

Abin da ke damuna shi ne har yau ina ganin ƙarshen asali ya fi daɗi. Mai Gora da ya dawo gida ba ya kama zuciya kamar wanda ya tsaya, kuma na yarda mai sake faɗin labari bai kamata ya yi yadda ya ga dama da shi ba. Da wannan hujjar na daɗe ina wanke kaina.

Sai bayan rasuwar Kaka, ina magidanci a Konni, na ɗauko wa Inna zancen cikin raha, wai ko ta tuna taurin kaina. Ba ta yi dariya ba.

"Na tuna," in ji ta. "Ita ba ta iya kiran sunanai, ba ta iya tambaya, ba ta iya kuka gaban mutane. Cikin tatsuniyar ga kaɗai taka iya cewa ɗan tsohuwa shi komo gida."

Tun daga ranar nake ta juya abin. Na riƙe kowace kalma ta tatsuniyar, ban ɓatar da ko ɗaya ba, amma ban ji abin da matar da ke faɗinta take roƙo ba. Sau ɗaya tak a rayuwarta ta nemi ɗanta a gaban mutane, ni kuma na sa ta faɗa da bakinta cewa bai zo ba.