Azumin Yaya a Ranar Gwajin Fitsari

Asubar Alhamis ɗin da ta wuce muka bar unguwarmu ta Hay el-Sabi' a Alƙahira, ni da yayana, muka nufi wani asibitin kuɗi a Ma'adi. Yaya mai walda ne, ya shekara da shekaru yana haɗa bututun mai a kudancin Najeriya. Wani kamfani mai kwangila a tashar nukiliyar da ake ginawa can bakin teku ne ya kira shi aiki, ya gwada hannunsa, ya yaba. Abu ɗaya ya rage kafin a ba shi katin shiga: gwajin ƙwaya da giya. Ni kuwa da na daɗe ina karatu a Alƙahira, aikina tafinta.

Ko a jikina. Mutumin da ko hayaƙin sigarin wani ya shaƙa sai ya yi istigfari, me za a samu a jikinsa?

Ƙaramar bas muka shiga zuwa Ataba. An sake ƙara kuɗin mota, wata tsohuwa ta yi ta yi wa direba faɗa kamar shi ke sayar da fetur, kuɗi kuma na bin hannu-hannu daga kujerar baya har gaba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi. Wannan ya burge Yaya. A Ataba 'yan kasuwa sun fara baza takalma da caja a ƙasa, ƙamshin ɗa'amiyya, ƙosan Masar ke nan, ya cika titi. Na sayo mana biyu cikin gurasa, na miƙa masa tasa. Ya ce in riƙe, yana azumi. Na ce Allah ya karɓa, na cinye duka. Da na san abin da azumin nan zai jawo, da a nan Ataba za mu yi ta ta ƙare.

Muka sauka ƙasa muka hau jirgin da ke bi ta ƙarƙashin gari, muka canza wani, aka matse mu kamar kifin gwangwani har Ma'adi. Rana ta riga ta buɗe, zafin bazarar Masar mai tsotse yawun baki. Kusa da asibitin akwai ƙaramin masallaci, Yaya ya ce sai ya yi sallar walaha. Ya shiga bayan gida, ya kama ruwa, ya yi alwala a tsanake. Ni ina waje ina latsa waya, ko kaɗan hankalina bai kai ga abin da ya je ya zubar ba.

A asibitin aka sa ya juye aljihu: carbi, asuwaki, goro ɗaya, waya, duk aka kulle a akwati. Ni ma aka karɓe tawa wayar kafin a bar ni in zauna in yi fassara. Aka ba shi wani ɗan bututu ya hura don a ga ko ya sha giya. Ya hura yana harara, ya wuce lafiya. Sai malamin jinya, wani ƙato mai fara'a, ya miƙa masa 'yar kwalba ya nuna masa ban-ɗaki. An toshe famfo, ruwan masan an rina shi shuɗi don kada wani ya ɗiba ya yi algus, ƙofa kuma ba a rufe ta ruf. Yaya ya tambayi ina buta. Da ƙyar na shawo kansa cewa za a ba shi ruwan tsarki bayan ya miƙa kwalba.

Ya shiga, ya daɗe, ya fito da kwalba wayam.

A nan ne na ji sauran labari. Tun bayan isha'in jiya bai sa ruwa a bakinsa ba, ko sahur bai yi ba, wai a gida in za a yi gwaji cewa ake kada a ci kada a sha. Ɗan abin da ya rage kuma ya baro shi a masallaci. Malamin jinyar ya ce ma'alish, wato ba komai, hakan na faruwa. Za a ba shi ruwa daidai gwargwado, ya zauna a ɗakin jira zuwa azahar. Amma ya ja kunnena in fassara da kyau: wanda lokaci ya cika bai kawo ba, ba tare da wata cuta da likita zai shaida ba, za a rubuta ya ƙi gwaji. A dokarsu kuwa, wanda ya ƙi da wanda aka kama duk ɗaya ne.

Aka dire kofin ruwa a gabansa. Yaya ya ture shi gefe.

Jama'a, ni ɗalibin fiƙihu ne, kuma ran nan na zazzage duk abin da na sani. Na ce nafila ce, na ce lalura ce, na ce zai rama. Malamin jinyar ma ya sa baki, yana ta "ya hajji, ishrab, khalas", wato ya sha a wuce wurin. Yaya ya dube ni ya ce, "Malam, karatunka daban, alkawari daban. Hajiya ta ɗauki azumin nan saboda ni, da tsufanta. Ita tana can da ƙishi, ni in sha?" Raina ya ɓaci. Da ƙanena ne da na toshe masa hanci na ɗura masa, to amma shi ya goya ni.

Sai na tuna a mazhabarmu uwa na iya sa ɗanta ya karya nafila, Hajiya kuwa mahaifiyarmu ce, tana Kano. Saura waya. Wayoyinmu na kulle, mai makulli ya tafi shan shayi, shi Yaya kuma ba a yarda ya taka ƙofa ba. Na yi sama na yi ƙasa a benen nan, na roƙi wannan, aka tura ni wurin wancan. Da aka buɗe akwatin, layin Kano ya ƙi shiga. Agogon bango na tafiya, Yaya na zaune yana ƙirga tasbihi da yatsu kamar ba shi ake jira ba.

Da kiran ya shiga, abin da na fara ji ƙarar cokali ce a kwano. Hajiya ta ce tun da hantsi jiri ya ɗebe ta, ta sha maganinta, ga ta nan tana shan koko. Da na faɗa mata halin da ake ciki, ta ce in ba ta shi. Daga inda nake ina jin muryarta: "Kai wane irin mutum ne? Sha ruwa, na ce!"

Ya sha. Ya shanye iya abin da doka ta yarda a ba shi, ya yi ta zagaye ɗakin, ya shiga ban-ɗaki ya fito, ya sake shiga. Jikin da ya kwana ya wuni a bushe bai saki ko ɗigo ba. Ana kiran azahar likita ta fito. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta yarda mutumin kirki ne, fuskarsa ma ta nuna. Amma azumin nafila ba cuta ba ne, kuma duk wanda ya sha ƙwaya yake jan lokaci, shi ma da labarinsa mai daɗi yake zuwa. Ta sa hannu cewa ya ƙi gwaji.

Tasi muka ɗauka a dawowa, don ba ni da ƙarfin turereniyar jirgi. Muna hawa doguwar gadar da ke kai mu unguwa, cunkoso ya tsaya cak, hon ko ta ina, ba gaba ba baya. Yaya ya fara mutsu-mutsu, gumi na keto masa. Can ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ka ce masa ya tsaya." Na dubi gadar nan, ƙarfe dama ƙarfe hagu. Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, ita kuma ta juye ta zama hawaye. Da muka sauka, a guje ya faɗa wani gidan shayi yana neman ban-ɗaki.

Mun iso gida bayan la'asar. Na so in zagi dokar nan, na kasa, domin ni ma ba zan so mai maye ya haɗa bututun da rayukan gari guda ke rataye a kansa ba, kuma likita ba ta ganin zuciya. Abin da na koya shi ne, duk wanda za ka raka irin wannan gwaji, tun dare ka zaunar da shi ka tambaye shi me ya ci, me ya sha, me ya ƙudurta, ko da ya girme ka. Bizar Yaya ta kusa ƙarewa, ya fara haɗa jaka. Da magariba Hajiya ta kira tana tambaya yaushe zai fara aiki. Ya ce mata layin ba ya da kyau, zai kira gobe.