Kariyar Malama Balkisu ta buɗe yau

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsugune ina wanke-wanke da safen nan Inna ta leƙo ta ce, "Safiya, aje kwanon nan. Malama Balkisu ta rasu."



Duk wadda ta yi Islamiyya a unguwarmu a nan Illela ta san Malama. A tsakar gidanta muke karatu.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Sammakon da nake yi zuwa gidanta, har Inna tana yabona, ba na hadda ba ne. Littafin soyayya nake ɓoyewa a hijabi, in laɓe bayan wani ice da ta dasa a tsohuwar randa, in yi ta karatu kafin 'yan ajinmu su iso. A littattafan kullum lambun masoya yana wani gida a Abuja, ga ciyawa shar, ga famfo na feshi. Na ɗauka irin wannan kyau ba rabon garinmu ba ne.

Icen kuwa ba shi da fasali. Gindi ƙato kamar tulu, rassa tsirara, ko ganye babu.

Sai wata rana da bazara, lokacin da ko takalmi ba ya hana ƙasa ƙona ƙafa, na shigo na tarar ya yi fure. Ruwan hoda, baki-bakinsa ja, a kan ƙirarren reshe. Wata da watanni ba a ga hadari ba. Na tsaya na ma manta da littafin yana hannuna a fili.

Muryarta na ji a bayana: "Wagga takarda taki, akwai irin wannan ciki?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Babu, Malama."

Ta ce, "To aje ta ki duba. Sunan wanga ice kariya."

Ba ta taɓa kai ƙarata gida ba.

Ita ta koya min gane icen da ke jure fari. Ta ce in dubi gindi, in ya kumbura to rumbun ruwa ne. In dubi ganye, in toka-toka ne ko mai kauri, rana ba ta ba shi tsoro. Ta sa na duƙa na kalli furen tumfafiya, wadda muke wucewa a bakin bola, na ga ashe kowane ɗaya kamar an ɗinka shi da hannu. Ta ce in na taɓa farin ruwan kariya in wanke hannu, dafi ne.

Ta yanko min reshe, ta ce in bar shi a inuwa sai bakin yankan ya bushe, sannan in dasa cikin yashi. Na dasa. Safe da yamma ina ba shi ruwa, har da ragowar na shayi. Ya ruɓe, ya yi laushi kamar dafaffen dankali.

Da na kai mata ina hawaye ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mi ta yi miki kika nutsar da ita? Ɗiyata, ita kariya ƙishirwa ba ta kashe ta. Tausayi ke kashe ta."

Ganina da Malama na ƙarshe makon jiya ne, tana kishingiɗe a tabarma, ta rame. Ta nuna randar da haɓa ta ce, "Kariya ta yi ƙullin fure. In ta buɗe ki taho mu gani."

Yau na je gaisuwa. Kariyar ta buɗe, reshe bai bar reshe ba. Subhanallah. Gida cike da kuka, ita kuma tana tsaye a rana kamar amarya.

Amma a gindinta mata ke alwala. Kowa ta gama sai ta juye sauran butar a randar. Wata tsohuwa da ta zo daga Tozai ta ce, "Ku ba icen Malama ruwa, bayin Allah, sadaka ce." Ƙasar ta zama caɓi, ruwa har ya kwanta. Ga kwanakin zaman makoki a gaba.

Kun san ni, ko a aji ba na ɗaga hannu. Haka na dawo gida ban hana su ba.

Gobe da sassafe zan koma da bahon Inna na alwala don mata su riƙa yi a ciki, in sami Anti Rabi, babbar ɗiyar Malama, in gaya mata da bakina ko muryata za ta yi rawa.

Don Allah wadda za ta je gaisuwa, kada ta zuba ruwa a randar nan. Ku gaya wa iyayenku mata ma.

Ya Allah Ka gafarta wa Malama Balkisu, Ka sanyaya makwancinta, Ka zaunar da ita a lambunan Aljanna. Duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce.