Ranar da Na Huda Bangon Ɗakin Jego

Har yau in na ji warin kalwa tana tafasa, yakan mayar da ni ranar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da na ɗauki dagi na huda bangon gidanmu.

A wani ƙauye kusa da Ƙarfi muke. Mahaifinmu ya bi ayari zuwa Zariya, ya bar gidan a hannun yayarsa, Gwaggo. Yayata kuwa ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka ana tsakiyar marka. Al'ada ce mai jego ta kwanta a gadon ƙasa, a hura wuta a kogon da ke ƙarƙashinsa don kada sanyi ya shige ta. To, itacen duk ya sha ruwa. Ɗakin ya turnuƙe, tsakiyar gadon ta tasa wa Yaya bororo a baya, gefensa kuma sanyi ƙalau. Jaririn ya fara wani siririn tari, ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi.

Ni an san ni da shiru. In na dawo daga karatu wurin matar liman, sai in raɓe ina ƙulla baitoci a kan gajimare. Ina zaune haka a madafa, inda mahaifiyarmu, Inna, ke wuni tana dafa kalwar daddawa, na lura bango ɗaya ne tsakanin murhunta da gadon Yaya. Ga zafi yana tashi sama a banza, ga mai bukatarsa a bayan bango tana shaƙar hayaƙi.

Na ce wa Gwaggo a huda bangon, hayaƙin murhu ya bi ta ƙarƙashin gado ya fita waje, a toshe bakin kogon ta cikin ɗaki.

"Sannu Malama," in ji ta. "A wane allon kika karanto wannan? Wutar jego a ɗakin mai jego ake hura ta. Haka aka yi wa uwarki."

"Gwaggo, yaron ba ya iya numfashi."

"Sanyi ne. A ƙara itace."

Ban taɓa mayar mata da magana ba. Amma da hantsi ya yi ta tafi barka maƙwabta, sai na ce Yaya ta ɗauki ɗanta ta koma ɗakin Inna. Inna ta dube ni, ta dubi dagin, ta ce, "Ni dai ban gani ba," ta juya ta ci gaba da tsince kalwarta.

Na huda bangon daidai bayan murhu, na kewaye murhun da laka har wuyan tukunya, na kuma buɗe mafita zuwa waje a ɗaya ƙarshen gadon. Hayaƙi ya ƙi shiga, ya dawo mini a fuska. A haka Gwaggo ta tarar da ni, laka har gwiwar hannu, idanu jajur.

"Kin rushe wa ubanki gida, kin buɗe wa macizai ƙofa. Toshe ramin yanzu."

Na ce, "Ba zan toshe ba, Gwaggo. Ki bar ni zuwa la'asar. In bai yi ba, ki dake ni da dagin nan."

Ta zauna a turmi ta harɗe hannuwa. "Ina jira. Duka kam ba ya lalacewa."

Hayaƙi sama yake so, ni kuma na ba shi mafita a ƙasa. Na kwaso tsofaffin tulunan da suka fashe, na fasa gindinsu, na ɗora wani kan wani a bakin mafitar, na shafe da laka har suka kai tsawona. Sai ga shi yana zuƙowa. Amma da na shafa gadon, layi ɗaya ne kawai ya ɗumama, don hayaƙin ya miƙe ya wuce abinsa. Nan na tuna masu lambu a fadama, yadda suke karkata ruwa ya ratsa kowane fangali kafin ya wuce. Na janye wutar, na tura rabin jikina cikin kogon, na jera tubala yadda dole hayaƙin ya je ya dawo, ya sake komawa. Ɓangaren da ke kusa da murhu na ƙara masa kaurin laka a sama, tunda can zafin ya fi ƙarfi. Sannan na liƙe bakin kogon.

La'asar ta ɗan gota kafin lakar ta sha iska. Gwaggo ta shiga, ta bi gadon da tafin hannu daga kai zuwa ƙafa. Ko'ina ɗumi ɗaya, kamar jikin saniya. Ɗakin kuwa fes, har ana ganin jinka.

"A shimfiɗa mata tabarma," shi ne kawai abin da ta ce.

Kafin suna tarin ya lafa. Gwaggo ba ta dake ni ba, amma ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, ni ma na riƙe ta a zuciya, ina ganin taurin kai ne kurum. Da mahaifinmu ya dawo ya yi faɗan bangonsa, na ce in za a sake, zan sake hudawa. Har gobe haka zan ce. Abin ya koya mini cewa kunyar manya ado ce, amma ba a biyan ta da numfashin yaro.

Sai bayan rasuwar Gwaggo, ina da jikoki, Inna ta gaya mini abin da ban sani ba. Ɗan farin Gwaggo a irin wannan markar ya rasu, a ɗakin jego, da irin wannan tarin. Tsofaffi suka ce mata sanyi ne ya kashe shi, don ta yi sakaci da wuta. Tun daga ranar, duk haihuwar da aka yi a danginmu, ita ke kwana tana ƙara itace.