Inna Turai da Fatar Akuyar Balaraba

Da an sallame sallar asuba a garinmu Ƙofa, kafin mu masu zaman teburin shayi mu gama hamma, Inna Turai ta yafa mayafi ta shiga zaga gidaje. Awaki take dubawa. Ta buɗe bakin wannan, ta taɓa cikin waccan, in ta tarar da turke a jiƙe kuwa matar gidan ta sha faɗa. Ranar kasuwar Tudun Wada sai ta hau a-kori-kura da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matan da ba sa fita, ta sayar da daraja, ta kawo wa kowa kuɗinta cif. Dillalan da suka saba saye a wulaƙance sun tsane ta, ita ko a jikinta.

A 1985 ta fara, bayan farin nan, da awaki shida da ta roƙo daga sadakar masallacinmu. Dabarar a rugagen Doguwa ta gano ta: a ba mace aron akuya, in ta haihu 'ya'yan nata ne, uwar ta wuce gidan wata. Babu kuɗin ruwa, babu jingina.

Wata biyu da farawa aka yi abin da ya kusa kashe shirin. Balaraba, matar wani ɗan ƙwadago, ta haihu, gidan ko kaza babu. Su a tunaninsu duk abin da ya fito daga masallaci sadaka ne, sadaka kuwa ba a mayar da ita. Ranar suna mijin ya kwantar da akuyar da Inna ta ba matarsa aro ya yanka. Mu ma mun ci naman, wallahi, ba wanda ya tambaya.

Da magana ta fito kwamitin masallaci ya harzuƙa. Ni ne magatakarda a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, na fi kowa zafi. Na ce a kai ƙara wurin dagaci, a karɓo sauran biyar a sayar a sayi tabarmi. Balaraba tana jego tana kuka, don ta san in aka kira sunanta a ƙofar dagaci, ko allura ba mai sake ba ta aro a garin nan.

Inna Turai ta bari muka gama kumfar baki, sannan ta ce, "Malam, nama dai kun cinye. Fatar fa, tana ina?"

Fatar tana wurin Suwaiba ungozoma, rabonta ce bisa al'ada. Inna ta je ta durƙusa mata. Suwaiba ta yi mitarta son ranta, sannan ta miƙo. Aka sayar wa majema, aka auno gyaɗa ɗan abin da ya samu. Balaraba na gama wanka ta hau suya, Inna na kai mata kasuwa, ribar na komawa gyaɗa. Kafin damina ta sake zagayowa, sai ga mijin ya jawo jar akuya har ƙofar masallaci, yana dariya kamar an ba shi kujerar Makka. Ranar na ji kunya, na kuma ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Inna, ke ce kika ga jari a inda muka ga ɓarna. Uwar masu turke, yau daga nan har Kiru mata suna sa 'ya'yansu makaranta da kuɗin awakinki, ke kuwa ko rediyo ba a taɓa faɗin sunanki ba. Mun gode, Allah ya saka miki da Aljanna. Masu hali kuma, don Allah a yi koyi: akuya ɗaya ba za ta karya ku ba.

Bana, shekara goma sha uku cur da farawa, gwiwa ta ce Inna ta zauna. Muka tambaye ta wa za ta riƙe awakin, ta ce Balaraba. Ni da na so kai ta ƙara, ni aka aika in je in sanar da ita, kuma da gudu na tafi.